Yara Masu Baiwa A Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa: Kafin A Koyar Da Su Sai An Gano Su

Ran Juma'a 11 ga watan Disamba, 2020, da dare, waɗansu 'yan bindiga suka faɗa wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗalibai fiye da 300 cikin daji. Bayan kwana shida, watau ran 17 ga wata, aka sako yara 344. Tun kafin a sako su, Gwamnan Jihar Katsina na lokacin, Alhaji Aminu Bello Masari, ya riga ya ba da umurni a rufe makarantun kwana na jihar. Babu kunnen da bai ji wannan labari ba, amma akwai wani gefe nasa da ba a cika waiwaya ba. Makarantun kimiyya irin ta Ƙanƙara an kafa su ne domin a tara yaran da aka ga kansu yana ja, a ba su horon da zai fitar da likitoci da injiniyoyi da malaman lissafi. Duk uban da ya ɗauke ɗansa daga makarantar kwana bayan wannan dare, ko ya hana ƙanensa zuwa, ba mai ganin laifinsa, sai dai hasarar ba ta tsaya a gidansa kaɗai ba.

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ƙananan hukumomi ne uku da ke kudu maso yammacin jihar, a shiyyar Funtuwa, kusa da dazuzzukan Jihar Zamfara da na Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Ƙasa ce ta noma, mai masara da dawa da auduga da waken suya, ga kasuwar dabbobi ta Sheme, ga kuma farar ƙasar da ake haƙa a Ƙanƙara. Ƙasa ce har wa yau wadda rashin tsaro ya tashi ƙauyuka da yawa a cikinta, ya watsa malamai da 'yan makaranta. A watan Satumba na 2021 har sai da aka katse layukan waya na tsawon watanni a ƙananan hukumomi 13 na jihar, waɗannan uku suna ciki.

Mai karatu yana iya cewa, a wurin da ake neman a sami ko da malami guda a aji, maganar yara masu baiwa ta yi kama da sayen labule alhali ɗaki ba jinka. To, amma Allah bai keɓe baiwa ga 'ya'yan birni ba. A 1972 wani Kwamishinan Ilmi na Amurka mai suna Sidney Marland ya gabatar wa majalisar ƙasarsa rahoto, inda aka ƙiyasta cewa aƙalla kashi 3 zuwa 5 daga cikin 100 na 'yan makaranta masu baiwa ne. In aka bi wannan lissafi, makarantar firamare mai yara 500 a Yankara ko Damari ko Ƙetare tana da irin waɗannan yara 15 zuwa 25. Suna nan zaune a ƙasa tare da sauran, akasarinsu kuwa ba wanda ya san da su.

KOWANE ABU DA SUNANSA

Matakin farko shi ne a daidaita kalmomi, domin sunan da malami ya laƙaba wa yaro shi ke nuna irin kulawar da zai ba shi. Hausa ba ta yi talauci a wannan fage ba, sai dai an saba cakuɗa kalmomin kamar duk ma'anarsu ɗaya.

Baiwa ita ce kyautar da aka haifi mutum da ita, ba da ƙoƙarinsa ba, ba kuma da arzikin ubansa ba. Hazaƙa ita ce saurin ɗaukar karatu da riƙe shi, mai ita kuwa shi ne haziƙi. Basira ta fi hazaƙa zurfi, domin mai basira yana hango dalilin abu, ya gane abin da ba a faɗa masa ba. Fasaha ita ce iya fito da sabon abu, ko da hannu ko da baki, zalaƙa kuma iya sarrafa magana. Ƙwazo da himma da naci su kuma aikin mutum ne da kansa. Gwaninta ita ce inda ake isa bayan an haɗa baiwar da horo mai tsawo.

Wannan rarrabewa ta dace da abin da masana suka daɗe suna tattaunawa. Wani malamin jami'a na ƙasar Kanada, Françoys Gagné, ya raba tsakanin baiwar halitta da gwanintar da ake samu bayan horo, ya ce abin da ke kai yaro daga ta farko zuwa ta biyu shi ne koyo da himmarsa da irin mutanen da ke kewaye da shi. Ma'anar wannan ita ce baiwa tana iya mutuwa ba ta zama gwaninta ba, kamar iri mai kyau da aka bari cikin rumbu har damina ta wuce. Shi kuwa Joseph Renzulli na Amurka, a 1978 ya kwatanta al'amarin da zobba uku da suka sarƙe da juna: kai mai ja fiye da na tsara, da fasahar ƙago sabon abu, da naci kan aiki har a ga bayansa. A ganinsa sai ukun sun haɗu sa'an nan baiwa ke yin amfani. A 1983 kuma Howard Gardner na Jami'ar Harvard ya kawo ra'ayin cewa kaifin hankali iri-iri ne, akwai na lissafi, da na harshe, da na kiɗa da waƙa, da na sarrafa jiki, da na sanin halin mutane.

Mutanen shiyyar Funtuwa ba su bukatar dogon bayani kan wannan ra'ayi na ƙarshe. Marigayi Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa wanda ya zauna a Funtuwa, bai yi karatun boko ba, amma a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dokta saboda fasaharsa. Da takardar jarrabawa za a auna shi yana yaro, da ba a ga kome ba.

Inda matsala take a makarantu shi ne an taƙaita kalmar haziƙi ga yaron da ya zo na ɗaya a jarrabawar ƙarshen zango. Sau da yawa kuwa na ɗayan nan mai ƙwazo ne da ladabi da kyan rubutu, abin yabo ƙwarai, amma mai baiwar gaske yana can baya, an riga an sa masa suna mai surutu, ko mai iyayi, ko mai rawar kai, wani lokaci ma daƙiƙi, saboda darasin ya gundure shi ya daina saurara.

YADDA AKE GANO SU

Awon kaifin hankali da jarrabawa ya faro ne a Faransa a 1905, sa'ad da Alfred Binet da abokin aikinsa Théodore Simon suka shirya gwaji domin gano yaran da ke bukatar taimako a makaranta. Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya gyara gwajin a 1916, daga nan ya bazu duniya. A wannan ma'auni maki 100 shi ne matsakaici, masu kaiwa 130 ko fiye kuwa ba su wuce kimanin mutum 2 cikin 100 ba. A 1921 Terman ya fara bin rayuwar yara wajen 1,500 na Jihar Kalifoniya waɗanda suka sami maki mai yawa, aka yi ta bin su har tsufansu. Da yawansu sun yi fice a ayyukansu. Amma yara biyu da aka gwada aka ce ba su kai ba, watau William Shockley da Luis Alvarez, su ne daga baya suka ci kyautar Nobel a fannin kimiyyar fiziks, ɗaya a 1956, ɗaya a 1968, alhali cikin zaɓaɓɓun babu wanda ya ci ta.

Idan jarrabawa ta iya yin wannan kuskure ga yaran da aka gwada da harshen uwarsu, ina ga yaron Ruwan Godiya ko Dugun Mu'azu da za a ajiye wa takarda da Turanci, harshen da ba ya ji sai a bakin malami, shi ma ba kullum ba? Irin wannan jarrabawa abin da take aunawa da farko shi ne Turancin yaro da kyan makarantar da ya fito, sa'an nan kaifin hankalinsa ya biyo baya. Shi ya sa masana suka ce kada a dogara ga hanya ɗaya. A haɗa jarrabawa da shaidar malami, da ta iyaye, da ta 'yan ajinsa, waɗanda galibi sun fi kowa sanin wanda ake rugawa wurinsa in lissafi ya cije. Akwai kuma gwaje-gwajen da ba su bukatar harshe, na zane-zane da siffofi, inda ake so yaro ya gano abin da ya ɓace a jeri.

Akwai wata dabara mai sauƙi wadda Julian Stanley na Jami'ar Johns Hopkins ya fara aiki da ita a 1971. Ya riƙa ba yara 'yan shekara 12 ko 13 jarrabawar lissafi ta masu neman shiga jami'a. Hikimar ita ce, in aka ba yara goma masu ƙoƙari jarrabawar ajinsu, duk za su cinye, ba a san wanda ya fi ba, amma in aka ba su ta manya sai tazara ta fito fili. Kowane hedimasta yana iya yin haka ba tare da kashe ko kwabo ba: ya ɗauki takardar 'yan aji shida ya ba ɗan aji huɗun da yake zato, ya ga abin da zai yi da ita.

Alamomin da malami zai lura da su sanannu ne. Yaro ne mai tambayar da ta wuce darasi, wanda ba ya gamsuwa da a ce masa haka abin yake. Yakan gama aiki tun sauran ba su kai rabi ba, sa'an nan ya dami na kusa da shi. Yakan sami amsar lissafi daidai ta hanyar da ba a koya masa ba. Yakan fi son zama da manya. Wani rubutunsa kamar tafiyar kaza, domin tunaninsa ya riga hannunsa. Waɗansu alamomin kuma a wajen aji suke: yaron da ke lissafa kuɗin raguna da la'adar dillali da ka a kasuwa kafin manya su gama latsa waya, da yarinyar da ba ta taɓa ɓatan canji a talla ba kuma take haddace shafi da ji biyu, da ɗan makiyayin da ya san kowace saniya da kamanninta da ciyawar da ke cutar da ita, da wanda ke kwance tsohuwar rediyo ya mayar ta yi magana.

Akwai rukuni uku da ido ya fi tsallakewa. Na farko 'yan mata, waɗanda aka hore su da kawaici, har yarinya ta san amsa ta yi shiru don kada a ce ta cika rawar kai. Na biyu 'ya'yan makiyaya, waɗanda ko da yake an kafa musu hukumar ilmi ta ƙasa tun 1989, rikicin daji ya ƙara nisanta su da aji. Na uku masu baiwa da nakasa a haɗe, kamar makaho ko kurma ko gurgu, waɗanda ake ganin nakasar a manta da baiwar, alhali ƙasar Hausa ba ta rasa makafin mahaddata da suka gagari masu ido ba.

HANYOYIN KOYARWA

In an gano yaro, sai kuma yadda za a yi da shi. Ga shida daga cikin hanyoyin da aka sani a duniya, kowace da amfaninta da haɗarinta.

Ta farko ita ce gaggautawa, wadda aka fi sani da tsallaken aji. Ana iya ɗaga yaro gaba ɗaya daga aji uku zuwa aji biyar, ko kuwa a bar shi a ajinsa amma in lokacin lissafi ya yi ya tafi ajin gaba. Dattawan da suka yi makarantar elementare sun san wannan, domin a da ana yi. Wani rahoto da masana na Jami'ar Iowa ta Amurka suka fitar a 2004, bayan sun duba binciken shekaru masu yawa, ya nuna cewa gaggautawa tana cikin hanyoyi mafi amfani kuma mafi arha. Sharaɗinta shi ne a duba hankalin yaro da jikinsa, a kuma nemi yardarsa da ta iyayensa, kada a jefa ƙaramin yaro cikin ƙarti su mai da shi ɗan aike.

Ta biyu ita ce faɗaɗawa, watau a bar yaro a ajinsa amma a ƙara wa darasinsa zurfi. A nan malamai da yawa ke kuskure, su ba wanda ya gama lissafi goma waɗansu ashirin irinsu, abin ya zama horo maimakon lada, har yaro ya koyi jan jiki don kada a ƙara masa. Faɗaɗawa ta gaskiya ita ce a ba shi aiki na dabam: ya auna filin makaranta ya fitar da taswirarsa, ko ya riƙa rubuta farashin masara a kasuwa kowane mako har wata uku ya bayyana dalilin hawa da sauka, ko ya zauna da tsofaffin garinsu ya rubuta tarihin kafuwarsa.

Ta uku ita ce tace manhaja. Kafin a shiga sabon babi sai malami ya gwada yaro, abin da ya riga ya sani a ɗauke masa, lokacin da ya rage a ba shi aikin faɗaɗawa. Ta huɗu ita ce rukuni, watau a haɗa masu saurin fahimta su huɗu ko biyar a gefe guda na aji, ko a tara na makarantu maƙwabta ran Asabar. Haɗarin wannan shi ne girman kai ga waɗanda aka keɓe da karayar zuciya ga waɗanda aka bari, saboda haka ƙofar rukuni ta zama a buɗe, mai shiga ya shiga, mai fita ya fita.

Ta biyar ita ce jingina yaro ga gwani, wanda zai ja shi a jiki ya nuna masa sirrin sana'a. Tarihin Katsina yana da kyakkyawan misali. A 1933 Malam Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya shiga gasar rubuta littattafan Hausa da littafinsa Ruwan Bagaja. Rupert East, jami'in da ya shirya gasar, ya ga fasaharsa, ya nemi a ba shi aron sa zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce. Gasa ce ta gano shi, gwani kuma ya ja shi a jiki. Ta shida ita ce makaranta ta musamman, wadda ita gwamnatoci suka fi so, ita ce kuma ta fi tsada.

Abin lura shi ne yawancin waɗannan hanyoyi ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo ba a ɗaure yara da igiyar shekara. Kowa da allonsa, wanda ya iya nasa ya biya wa malam, ya wanke, a yi masa ƙari, ba ya jiran kowa, ba kuma mai jiransa. Matakan tsangaya, daga ƙolo zuwa titibiri, zuwa gardi, zuwa alaramma, har gwani, da abin da mutum ya iya ake hawansu. A makarantar zaure ma haka, wani yana Ahalari, na kusa da shi yana Risala, malami ɗaya ke biya musu, in ɗalibi ya ƙure malaminsa a wani fanni sai a tura shi wurin wanda ya fi. Da irin wannan tsari ne garin 'Yandoto, wanda ke kusa da Tsafe, maƙwabciyar Faskari da Ƙanƙara, ya yi suna a matsayin mazaunin malamai tun kafin jihadi. Ƙasar Katsina ce kuma ta fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya rubuta littafi kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Malamin firamare da ya yi karatun allo yana yaro ya riga ya ga gaggautawa da idonsa, sunanta ne kawai bai sani ba.

ABIN DA HUKUMOMI SUKA YI

Zaɓen yara a tara su wuri ɗaya ya daɗe a Arewa. An kafa Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, ana kawo mata zaɓaɓɓun ɗalibai daga larduna. Ita ta horar da Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, kafin a mai da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, inda ta zama Kwalejin Barewa.

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta sa yara masu baiwa cikin waɗanda ke bukatar ilmi na musamman, tare da nakasassu. A wannan shekara ce Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda ake shiga da jarrabawa, kuma suka fitar da ɗimbin likitoci da injiniyoyi, har waɗansu jihohi suka yi koyi. A 1986, zamanin da marigayi Farfesa Jibril Aminu yake Ministan Ilmi, Gwamnatin Tarayya ta fitar da tsarin ilmin masu baiwa, wanda ya kai ga buɗe makarantarsu a Suleja ta Jihar Neja a 1990. Gwamnati ke ɗaukar nauyin ɗalibanta, hukumar jarrabawa ta NECO kuma ke shirya jarrabawar shiga. Jihar Jigawa ma, a zamanin Gwamna Sule Lamiɗo, ta gina tata a Bamaina ta ƙasar Birnin Kudu. A Jihar Katsina, gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa, wadda ta hau a 2023, ta ɗauki aikin kafa makarantun sakandare na musamman guda uku, ɗaya a kowace shiyya, a Raɗɗa da Dumurkul da Jikamshi. Ta Jikamshi, a ƙaramar hukumar Musawa, ita ce ta shiyyar Funtuwa.

Duk waɗannan ayyuka ne na alheri. Amma kowace makaranta ta musamman ƙofarta jarrabawa ce, kuma kafin yaro ya isa ƙofar sai ya gama firamare, sai wani ya ji labarin jarrabawar, ya yi masa rajista, wadda a yau galibi ta intanet ake yi, ya kuma kai shi wurin zama lafiya ya komo da shi lafiya. Ɗan ma'aikaci a Katsina ko Funtuwa yana da mai yi masa duk wannan. Yaron da iyayensa suka gudo daga ƙauye da tabarma da tukunya, suka raɓa a gidan dangi a cikin garin Faskari ko Ƙanƙara, tun a matakin farko aka bar shi.

Ƙasar Indiya ta gamu da irin wannan matsala, ta kuma yi mata dabara. A ƙarƙashin manufar ilminta ta 1986 ta shiga kafa makarantun kwana na kyauta domin yara masu baiwa, waɗanda ake kira Nabodaya, da nufin kowace gunduma ta sami guda. Dokarsu ita ce aƙalla kashi 75 daga cikin 100 na gurabe na 'ya'yan karkara ne, an kuma keɓe wa 'yan mata kasonsu, jarrabawar shiga kuwa ana yin ta da harsunan yankuna, kuma babban ɓangarenta na siffofi ne da ba ya bukatar harshe. Da haka ɗan manomi ke gasa da ɗan manomi ɗan'uwansa.

ABIN DA YA RAGE A YI

Daga abin da ya gabata, aikin da ke gaban ƙananan hukumomin nan uku a fili yake, kuma mafi yawansa bai kai tsadar ginin aji ɗaya ba. Ya kamata sakatarorin ilmi su umurci kowane hedimasta ya riƙa ajiye littafin da za a rubuta sunan duk yaron da aka ga alamar baiwa gare shi tun daga aji uku, da irin baiwar, da wanda ya shaida. In makaranta ta tashi saboda tsaro, littafin ya bi yaran inda suka koma. Ya kamata a riƙa tambayar alarammomi da malaman Islamiyya, domin su ne suka fara ganin yaran, kuma sun san mai saurin hadda da mai basira tun kafin malamin boko ya san sunansa.

Wajibi ne kuma a horar da malamai. Akwai Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, da ta Tarayya a Katsina, ga kuma Sashen Ilmi na Musamman a Jami'ar Bayero ta Kano. Kwas na 'yan kwanaki a lokacin hutu, wanda za a yi da Hausa, ya isa ya koya wa malami bambancin hazaƙa da ƙwazo, da yadda ake tace manhaja, da lokacin da ya dace a ɗaga yaro. Sa'an nan a ba hedimastoci izini a rubuce na yin tsallaken aji bisa sharuɗɗa, domin da yawansu suna ganin yaron, tsoron mai duba makarantu ke hana su.

Game da makarantu na musamman kuwa, adalci shi ne a raba gurabe mazaɓa-mazaɓa, a keɓe kason 'yan mata da na 'yan gudun hijira, a kai jarrabawar kusa da yaran, a kuma sa Hausa da gwajin siffofi a cikinta. Bayan duk wannan akwai sharaɗin da ya fi kowane girma, wanda daren 11 ga Disamba ya koyar: duk wanda ya tara 'ya'yan mutane mafi kaifin hankali a wuri ɗaya ya ɗauki amana mai nauyi, kuma ba uban da zai sāke miƙa ɗansa sai ya ga katanga da masu tsaro da idonsa.

Attajirai da 'yan boko na yankin, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, su ma suna da rabonsu. Likita ko injiniyan da ya fito daga Daudawa ko Mairuwa ko Sabuwa, in ya ɗauki yaro ɗaya ya riƙa saya masa littattafai, yana kiransa a waya yana tambayar karatunsa, ya yi masa rajistar jarrabawa in lokaci ya yi, to, ya yi aikin da wata hukuma ba ta iya yi ba. Shi kansa in ya tuna baya zai tarar akwai wani malami ko wani dattijo da ya fara cewa wannan yaro a kula da shi.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ke aji uku a bana, nan da shekara huɗu ko dai yana sakandare, ko yana gona, ko yana ga-ruwa a birni, ko kuwa daji ya ja shi, domin masu ɓarna su ma suna neman mai kai, kuma ba su tambayar takardar shaida. Yankin da ke kukan rashin likita da malamin kimiyya da alƙali na gari, a cikin azuzuwansa da tsangayunsa suke zaune yanzu haka, suna jiran wanda zai rubuta sunansu. Allah ya kawo zaman lafiya a ƙasar Katsina da Nijeriya baki ɗaya, ya kuma ba malamai da iyaye idon ganin abin da aka ba su amana, amin.